Kwanon da Muka Saya wa Ari

Litinin, 4 ga Nuwamba, da hantsi, a biro

Yau na koma aiki a biro, wato ofishinmu. Kowa sai gaishe ni yake da muryar gidan rasuwa, har mai shara. Ba wanda ya mutu, jama'a! Haka na so in ce musu, sai na ji bakina yana cewa, “Mun gode, Allah ya bar zumunci.”

Aikina a gidan likita ba allura ba ne, ba magani ba. Dosiyen marasa lafiya ake jibge mini bisa tebur, in karanta tonon kajin da dokto ya yi, in nemo lambar ciwon a babban littafin kode, in shigar a ordinato, wato kwamfuta. Zazzaɓi da lambarsa, karaya da tata, har harbin kunama. Ba na ganin fuskar mai ciwo, kuma a da ina ɗaukar haka hutu ne.

A tsakiyar tarin yau na ci karo da dosiyen Ari. Mijina. A baki Baban Maimuna nake ce masa, amma nan ba mai jina, Ari zan rubuta. Na mayar da dosiyen can ƙasa. Madam Lubna, shef ɗina, shugabar ofishin, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Litinin, bayan Magariba

Ari bakanike ne. In kaka ta yi, injin sussukar gero yake yawo da shi ƙauyuka. Abin ya faru a Droum, a gonar abokinsa Inusa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Ran Asabar aka sallamo shi. Duk rigunansa na naɗe musu hannun dama na ɗinke, don kada ya riƙa reto.

A gidan nan namu na Birni, tun zamanin mahaifinsu, maza a zaure suke cin tuwon dare, tire ɗaya: Yaya Mala babban wansu, da Ari, da Kassim ƙanensu mai ɗinki. Ko faɗa suka yi da rana, in Magariba ta yi sai ka ji su suna gardamar wa ya ja nama gabansa. To Iya Fanta, uwarsu, ta ce yanzu kada a takura wa Ari, a bar shi ya ci a ɗaki cikin sirri, kuma miyarsa ban da yaji saboda ciwo. Yaya Mala ya je kasuwa da kansa ya sayo sabon kwano, fari mai murfi, da jan fure a gefe. Ni kuma na sayo cokali, don matar kine, mai koya wa marasa lafiya motsa jiki, ta ce cokali zai fi masa sauƙi. Har daɗi muka ji, mun yi dabara.

Na kai masa, da hanta a sama. Ya daɗe yana kallon kwanon.

“Na wa ne?”

“Naka ne, kai kaɗai. Sabo fil, ba wanda zai taɓa maka.”

Sai ya juya ya fuskanci bango. Gajiya ce, ina jin.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan Magariba

Bai ci ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan Magariba

Bai ci ba. Da safe ya kurɓi koko kaɗan, shi ma don Maimuna ta tsaya a kansa da kofi tana cewa “Baba sha.” Na wanke kwanonsa daban da ruwan zafi, na kife shi daban, don tsabta. Yana kwance yana kallona ta ƙofa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da Azahar

Kabu-kabu ba zai yiwu ba, Kassim ya samo mana mota muka je pansama, wato wankin ciwo da sauya bandeji. Majo Salisu, babban nas na sarbis ɗin, wato sashen da aka kwantar da Ari, ya kwance ya duba. Ni tagar na kalla. Akwai wata akuya a waje tana cin kwali, na san ta sarai yanzu, har tabon kunnenta.

Majo ya ja ni gefe. “Madam Kaltuma, yana cin abinci kuwa?”

“Yana taɓawa.”

“Bon. Ba taɓawa nake so ba. Nama ba ya haɗuwa da iska. Ƙwai, wake, hanta, ko me ya samu. Ke ta gida ce, ba sai na ɓoye miki ba. In bakin ɗinkin nan bai kama ba, dokto zai mayar da shi bulok, ɗakin tiyata, a ƙara hawa sama.”

A ƙara hawa sama. Saman me ya rage?

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da La'asar

Na yi dambu da zogale, abin da a da in na yi sai na ɓoye rabon Iya don kada ya cinye. Ko murfin bai ɗaga ba. Ko girkina ne ya canza? Na ɗanɗana, gishiri daidai. Na ba Zainaba matar Yaya Mala ta ɗanɗana, ta ce lafiya lau, ta ma ƙara loma biyu.

Ko ƙwayoyin ne suke kashe masa baki? Na karanta takardar cikin kwalin har baya. An rubuta jiri, an rubuta tashin zuciya. Ba a rubuta mutum ya daina kallon matarsa ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Iya ta ce baki ne. Wai tun da ya sayi injin nan mutane suka sa masa ido. Ta aika an yo rubutu, ta zuba a sabon kwanon ta kai masa. Ya ce ta zuba a tafin hannunta zai sha. Ta zuba, ya sha, rabi ya zube a tabarma. Iya ta fito tana murna wai alamar sauƙi ce, yana son jikin uwarsa. Ni dai kaina ya ɗaure. Ga kwano mai kyau, me ya sa sai tafi?

Litinin, 11 ga Nuwamba, da Azahar, a biro

Madam Lubna ta zaro dosiyen daga ƙasan tarin ta ajiye gabana, a hankali, kamar ƙwai.

“Kaltuma, in ba za ki iya ba ni zan yi.”

“Zan yi, Madam.”

“Lambar kwanciyarsa na riga na shigar. Saura ta yanzu. In ba a sa ba, kine ba za su sa masa ranar randebu ba, kuma ba zai shiga layin masu jiran na roba ba.”

Na sani. Ni nake koya wa sababbi wannan. Ranar da aka kawo mutum jina-jina, lambarsa tana shafin S, shafin rauni. Rauni abu ne da ake jiran ya wuce. In an sallame shi yana zuwa yana komawa, sai a koma shafin Z. Shafin Z ba na ciwo ba ne, na yadda mutum ya zama ne. A can ba a jiran komai.

Na buɗe shafin. Na ga layin. Na rufe, na tafi alwala, ko da yake da alwalata.

Litinin, bayan Magariba

Bai ci ba. Kassim ya wuce da tire ta gaban ƙofarmu zuwa zaure, sai na ga Ari ya runtse ido, kafaɗarsa tana motsi.

“Zafi ne? In kawo ƙwaya?”

“Yatsun ne,” in ji shi. “Da sun ji ƙamshin miya sai su lanƙwashe, suna cuto tuwo.”

Wane yatsu, ya Rabbi? Na san majo ya ce hakan na faruwa, jiki yana daɗewa bai yarda ba. Na ba shi ƙwayar. Ya haɗiya ya ce, “Kin kyauta,” yadda ake ce wa baƙo.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da La'asar

Inusa ya zo daga Droum, da buhun gyaɗa da kaji biyu a bayan babur. Tun da abin ya faru bai tako ba, sai aike. Ya rame shi ma. Ya durƙusa ya gaida Iya, Iya ta amsa da “wushe” ɗinta na Barebari ba ta ko kalle shi ba.

Na shigar da shi. Ya yi sallama ya miƙa hannu yadda aka saba, hannun ya tsaya a iska, sai ya mayar da shi ƙirji da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ari ya ga komai.

“Wallahi na yi kira, Ari. Ƙarar injin ce. Na yi kira.”

“Na ji ka ai,” in ji Ari. “Bar maganar.”

Ban san kiran me ba. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba. Da Inusa zai tafi na ba shi ruwa a moɗar randa, ya sha, Kassim ya karɓa ya sha sauran. Sai a lokacin na lura Ari ya daina sha da moɗar nan tun da ya dawo. Sai in na zuba masa a kofin Maimuna. Me moɗa ta yi masa kuma?

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da Azahar

Pansama. Akuyar tana nan. Majo ya daɗe dai yana shafa magani, kuma ya kira wani ya zo ya gani. Wandon Ari sai da na ƙara wa mazaginsa ƙulli.

Na san lambar abin da majo yake tsoro. Tana shafin T, inda ake sa dungun da ya lalace. Da ma ban san littafin nan ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan Magariba

An yanka kaza ɗaya cikin na Inusa. Bai ci ba. Maimuna ta ci cinya.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da safe

Na yi masa faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce, “Baban Maimuna, in fushi kake da ni ka faɗa. In mutuwa kake so ka faɗa mana mu sani. Kowa a gidan nan yana ɗawainiya da kai, an ware maka komai naka, me kuma kake so?”

Ya ce, “An ware, na gani.”

Shi ke nan. Na fita na zauna bayan madafa na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ɗauki kwanon na wanke shi da ruwan zafi. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, ban san wanne ya fi yawa ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan Isha'i

Kassim ya kawo dabara. Ya ce kaɗaici ne yake cin yayansa, a fito da shi zaure. Kuma don kada ya ji kunyar cokali shi kaɗai, kowa ya ci da cokali. Yaya Mala ya yi gunaguni, wai shi da girmansa, amma ya yarda.

Ari ya fito! Da kansa ya nemi farar jallabiyarsa, har ya ce in ɗora masa hula. Rabon da in ga ya yi sauri haka tun kafin Droum. Na ji zuciyata kamar an sauke mini tulu.

Na aika tire, da cokula. Iya ta ce kada a manta miyarsa marar yaji, sai na aika kwanonsa shi ma, Kassim ya ajiye masa a gefe.

Ban kai ga zama ba na ga ya dawo. Ya wuce ni ya shiga ɗaki, ya cire hular ya ajiye.

Kassim ya ce shi ma bai gane ba. Wai Ari ya zauna a wurinsa na kullum, ya dubi tire, ya dubi cokulan, ya dubi kwanon. Ya ce, “Yaya, tun yaushe kake cin tuwo da cokali?” Yaya Mala ya ce, “Zamani ne.” Sai Ari ya yi ƴar dariya ya ce, “Allah ya ba ku ladan haƙuri da ni,” ya tashi.

Tiren ya dawo kusan yadda ya tafi. Yau gidan nan kaf ba wanda ya ci.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da hantsi, a biro

Na sake buɗe shafin. Z89.2. Na bi layin da yatsa, na duba na samansa, na duba na ƙasansa. An raba na yatsa da na tafi da na wanda ya wuce wuyan hannu. An ware na wanda ya rasa duka biyu. Amma ba inda aka tambayi wane gefe.

“Madam, ba wurin sa gefe?”

“A wannan littafin babu. Ai kin sani. Hannu hannu ne, Kaltuma.”

Na sani mana. Na shigar da irin wannan lambar ba sau ɗaya ba, ban taɓa tambaya ba. To me ya sa yau ta tsaya mini a wuya? Ban shigar ba. Madam ta yi ajiyar zuciya ta koma kujerarta.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan Magariba

Bai ci ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da La'asar

Na same shi a bayan ɗaki da buta tsakanin gwiwoyinsa, yana karkata ta da ƙafa, ruwa yana zuba bisa hannunsa. Sabulu ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Ya ɗauka, ya murza a cinyarsa, ya sake suɓucewa. Na ce in taimaka, ya ce in tafi. Ya fi ƙarfin wanki ɗaya, sai da ya ƙarar da butar. Da ya gama sai ya kai hannun hancinsa.

Ko ciwon ya fara taɓa masa kai ne? Zan tambayi majo. Ko kuwa kada in tambaya, kada a rubuta a dosiye.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da Azahar

Dokto da kansa ya zo ya duba. Ya ce ran Litinin zai yanke shawara. Majo ya raka mu har mota yana cewa, “Malam Ari, don Allah ko ƙwai biyu.” Ari ya ce, “In sha Allahu,” yana kallon wani wuri.

Alhamis, bayan Magariba

Yau ya yi mini magana mai tsawo, in wannan tsawo ne. Na ɗauko kwanon zan fita da shi, ya ce:

“Kaltuma, ki daina wahalar kife shi a madafa. Ki ɗora shi bisa katanga, gefen ƙofar zaure. Can ne wurinsa.”

“Bisa katanga?”

“Akwai ɗan gurbi a wurin. Za ki gani.”

Na je na duba, ga gurbin kuwa, daidai gindin kwano, ya yi sumul kamar an daɗe ana ajiye abu. Na ɗora. Har na ji sanyi a raina, yau dai ya nemi wani abu kuma na yi masa. Wataƙila iska yake so kwanon ya sha. Wataƙila warin madafa ne yake hana shi ci. Gobe in gwada kawo masa daga can.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da sassafe

Dole in rubuta wannan.

Iya ta fito da butarta, ta ɗaga kai ta ga kwanon. Butar ta faɗi. Ban taɓa jin irin wannan salati a bakinta ba.

“Wa ya ɗora wannan a nan? Wa?”

“Ni ce, Iya. Shi ya ce.”

“Shi ya ce?” Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta kama kai. “Wayyo ni Fanta. Wayyo ɗana.”

Da ƙyar ta yi mini bayani, don ni ban zo gidan ba a lokacin. Wai lokacin da su Ari suna yara akwai wani tsoho, Ɗanƙarami, mai ciwon kuturta, daga unguwar Kara-Kara. Duk Juma'a yakan zo gaida mahaifinsu. Ana girmama shi, ana ba shi abinci mai kyau, har da nama. Amma kwanonsa daban, cokalinsa daban, ba ya sha da moɗar gida. In ya gama a wanke da ruwan zafi a ɗora a gurbin nan, sai wata Juma'ar.

“Ni nake zuba masa,” in ji Iya. “Daga sama nake sakowa don kada ludayi ya taɓa. Ari yana tsaye yana kallo. Ya taɓa tambayata, Iya, me ya sa ba ya ci da su Baba? Na ce masa hannunsa ne.”

Naka ne kai kaɗai. Ba wanda zai taɓa maka. Da bakina na faɗa, ina murmushi. Ruwan zafi. Cokula uku don kada hannun kowa ya haɗu da nasa. Mu muna cewa kunyar idonmu yake ji, ashe shi gani yake ƙyamarsa muke.

Iya ta miƙe ta sauko da kwanon, ta zuba kokonta a ciki, ta zauna daidai ƙofar ɗakinmu tana sha tana hawaye, da ƙarfi don ya ji. Labulen bai motsa ba.

Juma'a, da hantsi, a biro

Na shigar. Z89.2. Akwai ɗan fili a ƙasa na ƙarin bayani, wanda ba mai cikawa. Na rubuta “dama.”

Bari in rubuta a nan ma, tunda na yi ta kewaye-kewaye. An yanke wa Ari hannun dama, sama da gwiwar hannu. Ba zai dawo ba. Hagu ya rage masa, da shi zai yi tsarki, da shi zai ci abinci, har ƙarshen ransa. Mu duka mun san haka tun ranar farko, kuma ba wanda ya iya faɗa, sai muka je kasuwa muka sayo kwano.

Na ce wa Madam Lubna ina son in tashi da wuri. Ta dubi ordinato, ta dube ni, ta ce, “Je ki.”

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsayar da Yaya Mala da magana ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. Yau na durƙusa a bakin zaure na ce, “Yaya, ina da magana.” Na faɗa masa duka, da kalmomin da ban taɓa furtawa ba. Hagu. Tsarki. Ƙyama. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya sunkuyar da kai, har na zaci ransa ne ya ɓaci.

“Ni na zaɓo kwanon,” in ji shi. “Na ce a ba ni wanda ya fi kowanne kyau.”

“Yaya, ko a kira malam ya gaya masa lalura ce, ba laifi?”

“Ari ya fi ni karatu, ya san ba laifi. Ba malam yake jira ba.” Ya share fuska da hannun riga. “Me za ki dafa?”

“Tuwon gero, miyar kuka.”

“Ki sa yaji yadda kika saba. Tire ɗaya. In na ga cokali a zauren nan sai na jefa shi rijiya.”

Juma'a, bayan Isha'i

Ina bakin madafa na ga komai, har inda ido ya kai.

Kassim ya wuce da tire. Yaya Mala bai bi shi ba. Ya ɗauki buta da sabulu ya tsaya a ƙofar ɗakinmu.

“Ari, fito. Tuwo na hucewa.”

Ari bai fito ba. Yaya Mala ya sake ɗaga murya.

“Ba zan ci ba sai ka fito, kuma ka san ni da yunwa ba ma shiri.”

Labule ya motsa. Ya fito yana dafa bango, ba hula. Yaya Mala ya tsuguna a tsakar gida, gaban Iya, gaban matarsa, gabana, ya ce, “Miƙo.”

“Yaya, ka san abin da nake yi da hannun nan.”

“Na sani. Miƙo.”

“Ba ya wankuwa. Na gwada. Ba abin da zan cuɗa shi da shi.”

“To ga nawa biyu suna zaman banza. Miƙo, Ari.”

Ya miƙa. Yaya Mala ya kama hannun da nasa biyu ya shafa sabulu, ya bi yatsa ɗaya-ɗaya, tsakaninsu, ƙarƙashin farce, har wuyan hannu, bai yi sauri ba. Ya ɗauraye. Sai ya kai hannun hancinsa ya shaƙa.

“Sabulu,” in ji shi. “Wallahi ya fi na Kassim tsabta. Shekara nawa muna cin man keken ɗinki a miya ba mu mutu ba?”

Daga zaure Kassim ya ce, “Ina ji fa!”

Ari bai yi dariya ba. Yaya Mala bai saki hannun ba, da shi ya ja shi suka shiga zaure, aka saki labule.

Daga nan ban ga komai ba. Ban ji gardamar nama ba, ban ji magana ba. Iya tana jan carbi, Zainaba ta rungume Maimuna don kada ta ruga can. Na wanke tukunyar da na riga na wanke. Na ce a raina in ya sake fitowa kamar ran Lahadi, ban san abin da zan yi ba.

Sai ga Kassim da tire. Ya ajiye gabana, idonsa ja wur, ya juya.

Na san tiren nan kamar tafin hannuna. Gefen Yaya Mala kullum rami ne mai zurfi. Na Kassim barbaje, kamar kaza ta yi tono. Yau akwai gurbi na uku. Ƙarami ne, bai fi loma biyar ko shida ba, kuma sawun yatsun ya karkata ta wancan gefen, ba yadda na saba gani ba. Kusa da shi an turo tsokar nama, an ci rabi. Ramin Yaya Mala kuwa bai tsaya a wurinsa ba, ya bi ya haɗe da na Ari, har ba a gane inda na wani ya ƙare.

Loma shida ba za ta rufe ciwo kafin Litinin ba, na sani. Ban san abin da dokto zai ce ba.

Zainaba ta kawo kwano za ta juye mana sauran. Na ce ta bari. Na jawo tiren, na juyo gefensa gabana, na sa hannu daidai inda yatsunsa suka tsaya, na ci.